Yadda ake zaman natsuwa: minti goma bayan asuba don ka san inda zuciyarka ke zuwa

Akwai wata irin gajiya da barci ba ya kawar da ita, kuma da yawa cikinmu nan Kabi mun santa. Ka kwanta tun bayan lisha ka tashi da asuba amma kai bai huta ba, don tun kafin ka kai hannu ga buta lissafi ya fara, kuɗin man da za a zuba ma injin ban ruwa, bashin taki, farashin shanshera da ya faɗi daidai lokacin da kake son saidawa, kuɗin makarantar yara, maganar da wani ya yaɓa maka wurin ɗaurin aure wadda har yau kana shirya amsarta, ga kuma labarin tsaro da ka gani a waya kafin ka kwanta. Da wanga lissafi za ka kabbarta salla, da shi za ka sallame, wani lokaci ma sai liman ya yi sallama za ka gane ba ka san surar da ya karanta ba.

Abin da zan koya maka a nan ba ya biyan bashi kuma ba ya ɗaga farashin shinkafa, gara in faɗa tun yanzu. Abin da yake yi shi ne ya koya maka ka riƙa kama zuciyarka a lokacin da ta fita, ka ga inda ta nufa, ka dawo da ita. Shi kenan. Amma wanda ya iya wannan, ya san kansa fiye da yadda ya sani a da, kuma fushi da fargaba sun rage yi mai dirar ba-zata.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. A 2010 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka sun bi mutum 2,250 ta wayoyinsu, suna aika masu tambaya a lokuta daban-daban, me kake yi yanzu, me kake tunani, ya kake ji, sai suka tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin hankalin mutane ba ya kan abin da suke yi, kuma a irin wannan lokacin sun fi rashin jin daɗi. Kusan rabin ranar mutum kenan yana wani wuri daban.

Toh kafin mu shiga, na san tambayar da wasu za su yi, wai wannan ba abin 'yan Indiya ba ne ko kuwa ba bidi'a ba ce. Gaskiyar magana ita ce salon da ya yaɗu a asibitocin Turai da Amurka wani bawan Allah Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a 1979 a asibitin jami'ar Massachusetts, shiri ne na sati 8 don masu ciwo mai naci da damuwa, kuma ya ɗauko shi ne daga hanyoyin mabiya addinin Buda ya cire ɓangaren addinin. Wannan haka yake. Amma sa ido a kan zuciya da yi ma kai hisabi ba baƙonmu ba ne ko kaɗan. Malam Harisul Muhasibi ya rasu a Bagadaza tun 857 Miladiyya kuma a kan wannan aikin aka san shi, Imamu Gazali da ya rasu a 1111 ya ware babi guda cikin Ihya'u a kan muraƙaba da muhasaba, wato wannan sa idon da hisabin, kuma duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya san natsuwa tana cikin farillan salla. Ni yadda na ɗauke shi, lura da numfashi da gaɓoɓi ba ibada ba ce, motsa jiki ne irin na hankali, ba a neman lada da shi kuma ba a jingina shi ga Annabi (SAW). Zikirin da za ka sa a ciki kuma ka tsaya ga wanda ya tabbata, in kana da wuridin da kake yi ka ci gaba da abinka, ba rigimar Izala da ɗariƙa na zo tayarwa ba. 'Yan'uwanmu Kirista na wajen Zuru da Yawuri su ma duk matakan nan za su yi masu, sai su sa addu'arsu a inda na ambaci zikiri.

Mataki na farko: lokaci da wuri

Kada ka ce "duk sanda na samu lokaci", ba za ka samu ba. Ɗaura shi a jikin abin da dama kullum kana yi, kuma babu kamar bayan sallar asuba, gari bai yi zafi ba, 'yan kabu-kabu ba su fara ba, cikinka ba a cike yake ba. Ka idar da azkar ɗinka sai ka ƙara minti biyar a inda kake zaune. Biyar fa, ba talatin ba. Masu farawa da rabin awa su ne masu bari ranar Laraba.

'Yar'uwa, na san ke asubarki ba taki ba ce, ga ɗumame ga wankan yara ga neman takalmin wancan da ya ɓata, toh ki ɗauki hantsi bayan an watse, ko bayan la'asar sanda suka tafi islamiyya. Mai shayarwa ma lokacin da yaro ke kan nono lokaci ne mai kyau, dama a zaune kike kuma ba inda za ki. In kina fashin salla ba abin da ya hana.

Wuri kuma ba sai shiru ya yi tsit ba, gidajenmu ba su da wannan. Kusurwar masallaci bayan mutane sun ragu, zaure, gindin darbejiya, bakin gona kafin ka tada inji. A watan Maris da Afrilu da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40 kada ka shiga ɗakin kwano ka rufe ƙofa wai kana neman natsuwa, fito tsakar gida. Masu zama kusa da fadama kuma ku zauna cikin gidan sauro abinku, ba wanda ya ce sai an cije ka.

Waya: saita ƙararrawa ta minti biyar, ka kashe data, ka kife ta nesa da hannunka. In ba ka saita ba rabin zaman zai tafi a leƙen agogo.

Mataki na biyu: zama

Zauna kan tabarma ko darduma ka tanƙwashe ƙafa, ko zaman tahiya in ya fi maka, mai ciwon gwiwa ya hau kujera ya sa tafin ƙafa biyu a ƙasa. In ka ɗan sa filo ƙarƙashinka baya zai miƙe da kansa. Baya a miƙe amma ba a sandare ba, kafaɗu a sake, hannu kan cinya, haƙora kada su haɗu. Ido ko ka rufe ko ka sauke shi wurin sujada. Kada ka kwanta, kada ka jingina da bango in ka san kai mai gyangyaɗi ne.

Mataki na uku: numfashi goma na saukar da jiki

Ɗora hannu ɗaya kan cibiya. Ja iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu a zuci, ka bari ciki ne ke tasowa ba ƙirji ba, sannan ka sake ta a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa shida. Shiga huɗu, fita shida. Yi haka sau goma.

Dalilin da ya sa fitar ta fi tsawo ba camfi ba ne. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, wannan ƙirgar kuwa tana sauko da shi wajen sau 6. Kuma bugun zuciya yana ɗan ƙaruwa in ka ja iska, yana ɗan raguwa in ka sake ta, saboda wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka zuciya da ciki, ita ce mai taka ma zuciya birki kuma lokacin fitar numfashi ta fi aiki. In kana so ka gani da kanka sa yatsu biyu a wuyan hannunka ka ji, musamman in kai matashi ne za ka ji bambancin sarai.

In ka ji jiri ko yatsu na maka tsiki-tsiki, kana cika jan iska ne da yawa, rage, ba gasa ake ba. Lokacin hunturu da ƙura ke toshe hanci ka shaƙa ruwa da kyau wurin alwala, in ya ƙi ka yi ta baki. Mai asma ko mai tsohon ciki kada ya takura ma kansa da ƙirga, ya yi yadda ya sawwaƙa.

Bayan goman nan sai ka daina sarrafa numfashin gaba ɗaya, ka bar shi ya shiga ya fita yadda ya ga dama.

Mataki na huɗu: kamawa da dawowa

Nan ne aikin yake, sauran duk share fage ne.

Zaɓi wuri ɗaya da kake jin numfashin sosai, ko bakin hanci inda iska ke shiga da sanyi ta fito da ɗumi, ko cikin da ke tashi yana sauka ƙarƙashin hannunka. Aje hankalinka a nan. Duk fitar numfashi ka ƙirga, ɗaya, biyu, har goma, ka koma ɗaya.

Ba za ka kai goma ba. Ina faɗa maka tun yanzu don kada ranka ya ɓaci, wajen uku ko huɗu za ka farga kana kasuwar Jega kana ciniki, ko kana gaban surukarka kana kare kanka, ko ka ga ka kai goma sha bakwai ba ka san sanda ka wuce ba. Yawancin mutane a nan suke cewa "ni ban iya ba, kaina ya cika hayaniya" su tashi, alhali wannan fargar da suka yi ita ce abin da ake nema. Ba a ce ka hana tunani zuwa ba, ba mai iya wannan, ko shehin malami. Ka duba yaron da ke kiwo gefen gonar shinkafa, bai taɓa sa ran shanun za su tsaya cak ba, saniya ta nufi shuka ya daka mata tsawa kaɗan ya juyo da ita, an jima ta sake ya sake, ba ya zama yana kuka don ta nufi gona, juyowar ita ce kiwon. Toh haka za ka yi. Ka farga ka tafi, ka dawo kan numfashi, ka fara daga ɗaya. In sau talatin ka tafi cikin minti biyar kuma sau talatin ka dawo, zaman ya yi kyau.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai shi ne yadda kake dawowar. Wasu in sun farga sai su hau kansu da faɗa, kai wane irin mutum ne, ko minti ɗaya ba ka iyawa, ga shi ko sallarka haka take. Wannan faɗan shi ma wani tunanin ne, ya sake ɗauke ka kenan, kuma ya fi na farkon gajiyarwa. Dawo kawai ba sharhi.

Ƙarar waje fa? Zakara, injin markaɗe, rediyon maƙwabci, yaro na kuka. Kada ka yi kokawa da su. Ka ji, ka san ka ji, ka koma. Ƙaiƙayi ma haka, ɗan jira numfashi uku ka gani, sau da yawa yana wucewa da kansa, in bai wuce ba ka sosa abinka ka ci gaba.

Mataki na biyar: sa ma abin da ya ɗauke ka suna

Wannan sai ka yi kamar sati kana mataki na huɗu sannan ka ƙara shi. Duk sanda ka farga, kafin ka dawo, faɗi a zuci da kalma ɗaya abin da ya tafi da kai. Kuɗi. Tsoro. Fushi. Shiri. Nadama. Sha'awa. Hassada. Kalma ɗaya, ba labari ba, sai ka koma ɗaya.

Nan sanin kai yake farawa, don bayan 'yan kwanaki za ka ga ashe ba tunani dubu ke damunka ba, uku ne ko huɗu suke canza riga suna dawowa. Wani zai ga duk hanyar da zuciyarsa ta bi tana ɓullewa ga mutum ɗaya da ya ce ya yafe ma tun bara. Wata za ta ga ba kishiyar ba ce ke cin ranta, tsoron abin da dangin miji za su ce ne. Wani yana ganin shi mai tawakkali ne sai ya tarar daga ɗaya zuwa goma sau shida yana lissafin abin da bai faru ba tukuna. Ba daɗi ganin irin wannan, musamman ranar da kalmar da ta dace ita ce hassada kuma wanda kake ma ita abokinka ne da albasarsa ta yi kyau a Aliero taka ta ruɓe, amma ka faɗi sunan gaskiya, ba mai jin ka sai Allah, Shi kuwa dama ya sani.

Kuma akwai bambanci tsakanin mutum ya ce "wane ya raina ni" da ya ce "ga tunanin raini ya zo". Na farkon ka riga ka yanke hukunci har ka fara shirin ramawa, na biyun kuwa ka samu ɗan fili da za ka duba ko gaskiya ne ko kuwa yunwa ce da rashin barci.

Mataki na shida: zagaya jiki

In ka kai minti goma a zama, ware uku na ƙarshe ga wannan. Fara daga tafin ƙafa ka hau sama a hankali, ƙauri, gwiwa, cinya, ƙugu, ciki, ƙirji, kafaɗa, hannuwa, wuya, muƙamuƙi, goshi. Kowane wuri numfashi ɗaya ko biyu, tambayar kawai me nake ji a nan, zafi, nauyi, ɗaurewa, ko ba komai. Inda ka ji a ɗaure sake shi tare da fitar numfashi, in ya ƙi sakuwa bar shi ka wuce.

Amfaninsa shi ne jiki yana riga hankali sanin halin da ake ciki. Kowa da inda damuwarsa ke taruwa, wani kafaɗa, wani cije haƙora, wani ciki ne ke murɗawa, wani ƙeya. Ranar da ka gane naka ka samu ɗan aike mai zuwa da wuri, kana cikin magana da mutum ka ji muƙamuƙi ya ɗaure ka san fushi na hanya tun bai iso baki ba.

Mataki na bakwai: zikiri da hankali a wurin

Yanzu ɗauki wagga dabara ta kamawa da dawowa ka kai ta cikin abin da dama kake yi. Tasbihin bayan salla, 33 ɗin nan, yawancinmu carbi ne ke gudu baki na bin sa ido na kallon wanda ke fita. Gwada yin sa a rabin saurin da ka saba, kowace Subhanallah ka ji fitarta a harshenka kuma ka san me take nufi, zuciya ta tafi ka dawo da ita kan kalmar kamar yadda ka saba da numfashi. Allah ya ce a Suratur Ra'ad aya ta 28 da ambatonsa zukata ke natsuwa, kuma a hadisin Jibrilu an ce ihsani shi ne ka bauta ma Allah kamar kana ganinsa, in ba ka ganinsa Shi yana ganinka. Muraƙaba kenan, zama da sanin ana ganinka. Ɗan ƙara minti ɗaya bayan tasbihin ka yi shiru da wannan sanin kawai, ba roƙo ba lissafi.

A cikin sallar kanta kada ka ƙirga numfashi, salla ba wurin wannan ba ce. Abin da za ka yi shi ne ka ba kowane rukuni haƙƙinsa, ka yi ruku'u har gaɓoɓi su natsa, ka ɗago har ka daidaita, kamar yadda Annabi (SAW) ya koya ma mutumin nan da ya sa ya maimaita sallarsa har sau uku.

Mataki na takwas: fito da shi cikin rana

Zaman asuba horo ne, wurin aikin yana waje. Zaɓi abu ɗaya tak da kake yi kullum ka ce wannan da hankalina zan yi shi. Alwala ta fi sauƙi tunda sau biyar take zuwa, ka ji sanyin ruwan a hannu, a fuska, a tsakanin yatsun ƙafa, ba hira ba waya. Ko loma uku na farkon tuwo, ko kurɓi uku na farkon fura. Ko tafiya daga gida zuwa masallaci kana jin taka ƙasa. Ɗaya ka zaɓa, in ya zauna ka ƙara wani.

Sai fushi. Da ka ji ɗan aiken nan na jiki, rufe baki tukuna, yi a'uzu billahi, yi dogon fitar numfashi sau uku irin na mataki na uku, kuma hadisi ya zo cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai wuce ba ya kwanta. In a WhatsApp ne aka taɓo ka rubuta amsar in ka ga dama amma kada ka tura sai bayan salla mai zuwa, ka sake karantawa. Wallahi rabin rigingimun guruf ɗin dangi da haka za su mutu.

Mataki na tara: hisabin dare

Imamu Gazali ya jera matakai shida na kula da kai a babin nan na Ihya'u, uku na farko su za mu ɗauka: sharaɗi da safe, sa ido da rana, hisabi da dare. Da safe a ƙarshen zamanka ka ɗaukar ma kanka sharaɗi ɗaya ƙarami wanda za a iya dubawa. Ba "yau zan zama mutumin kirki" ba, a'a, "yau ba zan katse matata tana magana ba", ko "yau ba zan taɓa waya ba sai na karya", ko "yau in an fara cin naman wani a majalisa zan tashi".

Da dare kafin ka kwanta samu ɗan littafi na naira kaɗan, ko ka rubuta a waya in ka amince ba za ka zarce TikTok ba, da boko ko da ajami duk ɗaya, ka amsa tambaya uku a layi uku. Sharaɗin safe, na cika ko ban cika ba? Yaushe raina ya fi ɓaci yau kuma me ya faru daf da nan? Wane abu ɗaya ne na alheri ya same ni? In akwai wanda ka ɓata ma, rubuta sunansa da abin da za ka yi gobe, ka yi istigfari, ka rufe littafin. Minti uku ya isa. Hisabi ne ba zaman makoki ba, in ka ga ka fara tono laifin shekara goma ka wuce gona da iri, rufe.

Ranar Juma'a ka karanta na satin gaba ɗaya. Nan za ka ga abin mamaki, wataƙila duk ranar da ka yi faɗa a gida ranar ce ba ka ci komai ba tun safe, ko duk daren da ka kasa barci ka zauna majalisar shayi har sha ɗaya. Shayi da goro duk suna da sinadarin nan mai hana barci, kuma bayan awa 5 kusan rabinsa na nan cikin jini, don haka mai neman natsuwar dare ya tsaida su tun la'asar.

In ka kwanta kuma ga tasbihin da Annabi (SAW) ya koya ma Nana Faɗima lokacin da ta nemi mai aiki saboda wahalar niƙa, Subhanallah 33, Alhamdu lillah 33, Allahu akbar 34, yi shi a hankali yadda muka ce.

Yadda za ka jera su

Satin farko minti biyar, mataki na ɗaya zuwa na huɗu kawai. Sati na biyu ƙara sa suna da hisabin dare. Na uku ka kai minti goma ka shigo da zagaya jiki. Daga nan sauran. Ranar da ta kuɓuce maka ba ramuwa, gobe ka zauna biyar ɗinka. In barci ke sace ka buɗe ido, ko ka yi a tsaye, ko ka yarda cewa barcin ne ba ya isarka ka gyara lokacin kwanciya. Kuma kada ka auna da daɗin zaman, wata rana zai yi daɗi wata rana hayaniya ce zalla, ka auna da ko ka fara kama kanka kafin ka yi magana.

Wanda ya kamata ya yi hattara

Wannan ɓangaren kada a tsallake shi. Cikinmu akwai waɗanda suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, mutanen Danko-Wasagu da sauran ƙasar Zuru, da 'yan'uwanmu da suka baro ƙauyukan Zamfara, wanda aka kashe ma nasa a gabansa ko ya kwana a daji hannun 'yan bindiga. Irin wannan in ya rufe ido ya yi shiru abin na iya dawo mai sabo, zuciya ta hau bugawa, zufa ta karyo, numfashi ya sarƙe. In haka ta faru ka tsaya nan take, ba jarumta a ciki. Buɗe ido, taka ƙasa da ƙarfi, ka ambaci abu biyar da kake gani a fili, huɗu da jikinka ke taɓawa, uku da kake ji da kunne, biyu da kake shaƙa, ɗaya da kake ji a baki. Daga baya in za ka sake, yi da ido buɗe, da rana, kusa da wanda ka yarda da shi, kuma ka fi ba tafiya da alwala da zikiri a bayyane ƙarfi maimakon zaman shiru.

Sannan in mutum ya kai sati biyu ba ya jin daɗin komai, barci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ya fita ransa, ya daina shiga mutane, ko yana jin muryoyin da wasu ba su ji, ko tunanin gara ya mutu ya fara zuwa mai, wannan ya wuce zaman tabarma, ciwo ne kuma yana da magani. A kai shi babban asibiti mafi kusa, a Birnin Kebbi ga asibitin Sir Yahaya ga na gwamnatin tarayya, a faɗa ma likita komai ba ɓoye-ɓoye, in abin na buƙatar ƙwararru akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato. Mai maganar kashe kansa kuma ba a barinsa shi kaɗai ko na awa ɗaya, a ranar za a tafi da shi. Addu'a da ruƙiyya ba su hana ganin likita.

Haka mai yawan faɗuwar gaba da ciwon ƙeya ya je a auna jininsa kafin ya ce damuwa ce, ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi kuma asibiti ake nufa kai tsaye. In likita ya riga ya ɗora ka kan maganin hawan jini ko na ƙwaƙwalwa ka ci gaba da shan abinka ko da ka ji sauƙi, shi zai ce a rage in lokacin ragewa ya yi.